Kalmomin Larabci Su Ma Fatake Ne

 Edita ya matsa mini in rubuta wani abu game da tafiyar da na yi Dubai bayan ƙaramar Salla. To, ni ba ɗan kasuwa ba ne, malamin allo ne, saboda haka wanda ke jiran farashin kaya sai ya yi haƙuri. Kalmomi na kwaso daga can, kuma ina zaton akwai ta amfani a cikinsu, har ga masu ciniki.

Wani tsohon almajirina ne ya sauke ni. Yana zaune a unguwar da a ke kira Al Warsan, gabas da birnin, bisa hanyar da ta tafi Hatta. Nan ne aka gina gidajen International City, rukuni rukuni, kowane da sunan wata ƙasa: ga Sin, ga Farisa, ga Maroko, ga Ingila, ga Faransa. Kusa da su ga babbar kasuwar Sinawa, Dragon Mart, wadda aka buɗe a 2004, tsawonta ya fi kilomita guda. Da na dubi wurin na ce da yaron, "Ai wannan zango ne." Baƙi ne suka taru domin ciniki, kowa da harshensa. Bambancinsa da Zangon Kumasi ko Nima sai dai benaye.

Kwana uku da saukata muka raka wani Alhaji mutumin Tamale wurin wani Balarabe mutumin Yaman. Alhaji zai ba da kuɗi, Balarabe ya juya su, in an samu a raba. Alhaji yana da ɗan Larabcin da ya tsinta a hajji, sai ya so ya gwada. Ya ce wa mutumin shi dai yana son riba, riba mai yawa. Nan da nan fuskar Balarabe ta sake, ya yi ta'awwuzi, ya rufe littafinsa. Alhaji ya dube ni, ya ce, "Malam, me na faɗa?" Na karɓi alƙalami na rubuta musu kalma biyu. Ta farko ra, ba, ha ƙarami, watau ribhu, abin da ɗan kasuwa ke samu bisa uwar kuɗinsa, halal tsantsa. Ta biyu ra, ba, alif, watau riba, kuɗin ruwa, wanda aka haramta a ƙarshen Suratul Baƙara. Bahaushe ya karɓi duka biyu, amma ha ƙarami ya yi masa nauyi a maƙogwaro, ya yar da shi a hanya. Mu kan ja ta farko mu gajarta ta biyu, kunnenmu ya san bambanci. Kunnen Balarabe bai sani ba, kuma boko ma duk ɗaya ya ke rubuta su. Harafi guda ya kusa raba ciniki, ya kuma kusa sa a ɗauki dattijo mai cin haram.

A hanyar komawa masauki yaron nan ya ce, "Malam, ashe duk Larabcin da mu ke yi a gida ɓatacce ne." Ya ce shi yanzu ya daina cewa alwala ko Ramalan, har in ya yi waya da mahaifinsa ya kan gyara masa. Wannan magana ta fi ta Alhaji damuna, don na san ba shi kaɗai ba ne. Samarinmu da dama sun komo daga ƙasashen Larabawa suna yi wa tsofaffi dariya.

Na ce masa ya bari sai Jumma'a. Ran Jumma'a muka tsaya wurin alwala a masallacin unguwa, na ce ya kasa kunne. Mutanen Pakistan da Indiya wuzu su ke cewa. Alƙali a bakinsu ƙazi ne, farilla farz, watan azumi Ramzan. Duk waɗannan kalmomi da harafi ɗaya ne a cikinsu, wanda mu ke koya wa yara da sunan lodi. Su sun mai da shi z, mu mun mai da shi l: alwala, alƙali, farilla, larura, Ramalan. Ba wanda ya ce musu ɓatattu.

Kuma bari in gaya muku abin da samarin ba su sani ba. Sibawaihi, shugaban malaman nahawu, wanda ya rasu wajen shekara 180 bayan Hijira, ya siffanta mafitar wannan harafi cewa daga gefen harshe ta ke, inda ya haɗu da turame. Haka littattafan tajwidi ke koyarwa har gobe. To, wane harafi ne kuma ke fita daga gefen harshe in ba lam ba? Masu binciken harsuna sun ce lodi na dā yana da ƙamshin lam, shi ya sa mutanen Andalus suka bar wa Sifaniyawa kalmar alkalde, magajin gari, daga alƙali ɗin nan namu. Mutanen Indunusiya ma suna cewa parlu ga abin da ya zama dole, daga farali. Ashe kakanninmu ba su ƙaga ba. Wata tsohuwar murya ce suka ji suka riƙe.

Abin da ya fi ba yaron mamaki shi ne mutanen Pakistan ɗin nan, waɗanda ƙasarsu ta fi tamu kusa da Makka, ba su ce salla ba, namaz su ke cewa, azumi kuwa roza. Farisanci ne, don ta Farisa addini ya isa gare su. Turkawa ma namaz su ke cewa. Musulmin Sin suna kiran limaminsu ahong, shi ma daga Farisanci. Mutanen Indunusiya suna kiran azumi puwasa, kalmar da suka gada tun kafin Musulunci ya je musu. Mu kuwa, salla da zakka da hajji da lahira duk mun riƙe su da Larabcinsu.

Kowace kalma tana ɗauke da ƙurar hanyar da ta biyo, kamar yadda a ke gane falke da irin ɗaurin kayansa. Azumi daga saumu ya ke, amma ta bakin Buzaye ya ratso hamada, su suka sa masa a a gaba. Kasuwa daga suƙ ta ke, ta biyo ta Barno, Barebari suka ɗora mata ka. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya nuna a 1960 cewa har karatu da rubutu ta Barno suka shigo mana. Tarihin Kano kuma ya ce Wangarawa sun zo daga Mali da addini zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Kalmomin da suka zo da wuri, baki da baki, sun haɗiye alif da lam ɗinsu: labari, lafiya, lokaci, liman, laifi. Waɗanda malamai suka ɗebo daga littafi daga baya sun fi kama da iyayensu. Har akwai wadda ta shigo sau biyu: laifi da aibi uwarsu ɗaya.

Kada kuma mu manta mu ma mun zama zango ga waɗannan kalmomi, sun kwana wurinmu sun wuce gaba. Hanyar goro da ta haɗa Kano da Salaga ba goro kaɗai ta ɗauka ba. Ku saurari Dagomba in yana ƙidayar kwanaki, za ku ji Atalata, ku ji Alizumma. Bayarabe yana cewa alafiya, alubarika, wakati, alubosa. Addu'a ta zama adura a bakinsa, har akwai coci-coci da a ke kira Aladura, watau masu addu'a, kuma ya kan kira fada na coci alufa kamar yadda ya ke kiran malami. Asantawa kuwa Kramo su ke ce mana, daga karamoko na Wangarawa, mutumin karatu. Ko a Warsan na ji Basine mai kanti yana cewa insha Allahu kaya za su iso gobe, ko da ya ke ban tambaye shi abin da ya ke nufi ba.

Amma fa ba duk tafiya ce ke da daɗi ba. Akwai kalmar da ta rame a hanya. Almuhajiru suna ne mai girma, na waɗanda suka bar Makka zuwa Madina. A Pakistan har yau muhajir su ne waɗanda suka ƙaura daga Indiya a 1947. A wurinmu almajiri ya fara da mai barin gida neman karatu, yau ga shi an mai da shi mai bara. Malam kuma, mu'allimu, mai koyarwa: ku tafi Ankara ku ji abin da wanda ba Musulmi ba ke nufi in ya ce zai je wurin malam. Mai laya da tsibbu ya ke nufi. Wannan kam ba laifin harshe ba ne, waɗansu daga cikinmu ne suka jawo mana, kuma da samari sun tsaya gyaran wannan da na fi murna.

Ga iyakar da na ja wa yaron, ita na ke ja wa almajiraina. In ka tsaya salla, ko ka ɗauki allo, to, kowane harafi a ba shi haƙƙinsa, ha ƙarami ya fita daga maƙogwaro, lodi ya fita daga mafitarsa yadda malaman ƙira'a suka karɓo, da Warshu ka ke karatu irin namu ko da Hafsu irin na mutanen Dubai. Nan ba ni da sassauci, bulalata ta shaida. Amma in mahaifinka ya ce zai yi alwala, Hausa ya ke yi, kuma Hausarsa daidai ce. Ɗauko masa buta.

Shi kuwa Alhaji mutumin Tamale, kashegari muka koma. Aka rubuta takarda bisa abin da littattafanmu na Malikiyya ke kira ƙirali, mutanen can su ce mudaraba: kuɗi daga ɗaya, aiki daga ɗaya, abin da aka samu a raba biyu. Balarabe ya rubuta da hannunsa, ni kuma na rubuta wa Alhaji nasa da ajami a ƙasa. Da na iso kalmar nan na sa mata ha ƙaraminta, na nuna wa kowannensu kafin su sa hannu.