Kafeyin Bulala Ce, Ba Harawa Ba

Wata ɗabi'a ta samu gindin zama a tsakanin masu gudun yada-ƙanin-wani da masu tseren keke mai dogon zango. Mutum ya ƙaurace wa shinkafa da burodi da taliya, ya koma kan nama da ƙwai da abinci mai maiƙo, wai don jikinsa ya saba da ƙona kitse. Da ƙarfi ya fara gazawa, sai ya cike gurbin da gahawa mai kauri ko ƙwayar kafeyin.

Kafeyin dai shi ne sinadarin da ke hana mai cin goro gyangyaɗi, yana kuma cikin shayi. Ba a musun amfaninsa ga ɗan wasa, ba kuma haramun ba ne a gasa, domin hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta cire shi daga jerin abubuwan da ta hana tun 2004. Amma babban aikinsa a ƙwaƙwalwa yake. Yana toshe hanyar wani sinadari, adenosin, mai sa mutum jin kasala, sai gudun ya zo masa da sauƙi. Bai ƙara wa tsoka ko ƙwayar abinci ɗaya ba. Bulala takan sa doki mai yunwa ya zabura, amma ba ta cika masa ciki.

To, shi barin sitacin fa? Louise Burke da abokan aikinta a Cibiyar Wasanni ta Ostareliya sun gwada shi a kan gwanayen tseren tafiyar sauri, sakamakon ya fito a 2017. Bayan mako uku, waɗanda aka hana wa sitaci sun ƙware sosai wajen ƙona kitse. Sai dai kitse ya fi sitaci cin iskar oksijin, don haka suka riƙa haki fiye da da a kan saurin da suka saba. Da aka zo tseren kilomita 10, masu cin sitaci sun inganta lokacinsu, su kuwa ba su ci gaba ba. A ganina, wanda ke tafiyar sassarfa don rage tumbi zai iya lallaɓawa da wannan tsari, amma mai neman lambar yabo ya sake shawara.

Inda hatsarin kafeyin yake shi ne awo. Abin da masana suka ga yana amfani shi ne miligiram 3 zuwa 6 a kowane kilo na nauyin jiki, kamar awa ɗaya kafin a fara. Ƙari a kan haka ba ya ƙara gudu, sai bugun zuciya da rawar hannu da murɗar ciki. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce kada baligi mai lafiya ya wuce miligiram 400 a yini. Barci ma yana shiga uku, don bayan kamar awa biyar rabin abin da aka sha yana nan cikin jini.

Garin kafeyin zalla kuwa, a guje shi. A 2015, a Jami'ar Northumbria ta Ingila, kuskuren lissafi ya sa aka ba ɗalibai biyu giram 30 maimakon 0.3, da ƙyar aka ceto ransu.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, su fara ganin likita. Kai kuma ɗan wasa, ka gwada kaɗan a lokacin atisaye, kada ka bari sai ranar gasa.