Yaron da Gidansu Ya Watse

Daga cikin ƙagaggun labaran da matasa suka fi shaƙuwa da su akwai wani nau'i da ba ya bukatar aljanu ko sadaukai, sai dai ya ɗauko yaro daga tsakar gidansu, ya jefa gidan cikin jarrabawar mutuwa ko saki ko talauci, sa'an nan ya bi yaron sannu a hankali har a ga irin mutumin da zai zama. Masana adabi da yawa a Amurka sukan ɗora mafarin wannan fanni a kan littafin The Outsiders na 1967, wanda S. E. Hinton ta fara rubutawa tana 'yar sakandare, labarin 'yan'uwa uku marayu da babbansu ke riƙe da ƙannensa. Amma mai karatun Hausa ya riga ya san jigon tun 1934, lokacin da aka buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya.

Umar ya tashi maraya a Kagara, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden sarki, wanda hassadar abokan fadanci ta sa aka kore shi daga gari, kuma a cikin wannan ruɗani aka sace yaron, har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya sa shi karatun Alƙur'ani. Ita kuwa uwar, da ta bar kowa da komai ta bi sawun ɗanta, sai ta faɗa cikin bauta, ba ta sake sa shi a ido ba sai a Tarabulus, gab da cikar ajalinta. Abin lura shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan musibu da yaron ya jawo wa kansa. Manya suka ɗaura, shi ya ɗauka.

Bayan shekara hamsin da shida, a 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta maido da jigon cikin ɗakin mata a Wa Zai Auri Jahila?, inda aka cire Abu daga makaranta, aka aurar da ita ga dattijon da ba ta so, ita kuma ta ƙi zama, ta nemi ilimi da kanta. Umar ya tsira ta hanyar haƙuri da tawakkali, Abu ta tsira ta hanyar jajircewa, amma dukkansu ilimi ne ya zame musu madogara sa'ad da dangi suka gaza.

Saboda haka ya kamata iyaye da malamai su karanta irin waɗannan littattafai tare da 'ya'yansu, domin hisabin da ke cikinsu ya fi hawa kan manya.