Gayya Da Jam'iyyar Gama Kai

Kowane yaro a Dutsen Abba ya san gayya. In noma ya yi wa mutum yawa, sai ya kira maƙwabta, a dama fura, makaɗi ya rataya ganga, kafin azahar an gama gonar. Amma gayya iyakarta aikin hannu. Ba ta sayen taki, ba ta kuwa hana rumbu ƙarewa.

To, a nan wahalar manomi take. Cikin marka, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, sai ya tafi wurin mai kuɗi ya ci bashin buhu guda, a kan zai biya biyu da kaka. Kaka na yi, amfani ya cika kasuwa, hatsi ya yi araha, shi kuwa tilas ya sayar.

Don maganin wannan aka fito da jam'iyyar gama kai. Watau manoma goma ko fi su haɗu, kowa ya zuba abin da aka yanka, su zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda. Sai su sayi taki da iri gaba ɗaya da sauƙi, su ranta wa wanda ya matsu, su kuma ajiye hatsinsu har ya yi daraja.

Gwamnati ta daɗe da sa hannu cikin wannan al'amari. A 1935 aka yi dokar jam'iyyun gama kai a Nijeriya, a 1956 kuma Jihar Arewa ta yi tata. Jam'iyyar da aka yi wa rajista tana iya mallakar dukiya da cin bashi da sunanta. A 1973 bankin manoma ya fara aiki, da babban ofishinsa a Kaduna. Ga kuma Samaru nan kusa da mu, inda ake binciken iri. Malamin gona ya fi samun sauƙin koya wa mutum talatin a gindin bishiya guda, da ya bi su gida gida.

Me ya sa Gwamnati ta fi son ba jam'iyya rance? Domin banki bai san ƙaramin manomi ba, shi kuma ba shi da abin jingina. Amma maƙwabtansa sun san gonarsa, sun san halinsa. Su ne za su tsaya masa, in ya ƙi biya kuwa su zai ja wa.

Na sha ganin jam'iyyar da aka kafa don kawai an ji za a raba rance. Aka karɓa, aka ce ai kuɗin Gwamnati ne, wani ya ƙara aure, damina ba ta kewayo ba jam'iyya ta watse. Waɗanda na ga sun daɗe, littafinsu a buɗe yake. Ran taro magatakarda ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ma'aji ya zube kuɗin bisa tabarma, a ƙidaya a gaban kowa. Inda dattawa ba su iya lissafin boko ba, sau da yawa ɗan makaranta a kan kira ya duba musu.