Madubin hangen nesa mai daidaita hoto

Madubin hangen nesa mai daidaita hoto, wanda wasu ke kira tabarau mai hangen nesa, wani nau'in madubi ne mai ido biyu da ake riƙewa a hannu, wanda aka sanya wa na'urar da ke rage rawar da hoto ke yi saboda karkarwar hannun mai kallo. Ana amfani da shi wajen kallon tsuntsaye da namun daji, duban wata da taurari, tuƙin jiragen ruwa, aikin ceto da kallon wasanni. Ƙananan samfuransa ba su kai kilo ɗaya ba, wasunsu ma ba su kai rabin kilo ba.

Matsalar karkarwar hannu

Hannun ɗan'adam ba ya tsayawa cak, ko da mai shi lafiyayye ne. Akwai 'yar karkarwa ta halitta da ke faruwa kusan sau 8 zuwa 12 a cikin daƙiƙa ɗaya, ga kuma motsin numfashi da bugun zuciya. Madubin hangen nesa yana ƙara girman abin da ake kallo, amma yana ƙara girman wannan motsi daidai wa daida. Idan hannu ya karkace da kashi ɗaya cikin goma na digiri, madubin da ke ninka girma sau 10 zai nuna hoton ya gusa da digiri ɗaya cur, wato kimanin faɗin cikakken wata sau biyu kamar yadda ido ke ganin sa.

Shi ya sa yawancin madubban da ake riƙewa a hannu ba sa wuce ninki 7 zuwa 10. Wanda ya fi haka sai an ɗora shi a kan mazauni mai ƙafa uku, in ba haka ba rawar hoto za ta cinye amfanin ƙarin girman. Na'urar daidaita hoto ita ce ta sa ake iya riƙe madubi mai ninki 12, 15 ko 18 a hannu kuma a ga abu sarai.

Tarihi

A shekarar 1608 ne Hans Lippershey, wani maƙerin tabarau a ƙasar Holan, ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar madubin hangen nesa mai ido ɗaya, hukumomi kuma suka buƙaci ya ƙera mai ido biyu. A 1854 Ignazio Porro ɗan Italiya ya yi rajistar tsarin firizim, wato gilashi mai kusurwa da ke juya haske don hoto ya miƙe daidai. Kamfanin Carl Zeiss na Jamus ya fara sayar da madubban zamani masu wannan tsari a 1894.

Daidaita hoto ya zo ne daga baya, kuma samfuran farko manya ne masu nauyi da aka yi domin sojoji da masu aiki a jiragen ruwa da na sama. A 1990 Zeiss ya fitar da samfurin 20x60 S wanda ke aiki ba tare da batir ba. A 1995 kamfanin Canon na Japan ya fitar da 12x36 IS mai aiki da lantarki, daga nan ne na'urar ta shiga hannun jama'a. A 2019 Canon ya fitar da ƙananan samfura 8x20 IS da 10x20 IS. Fujifilm da Nikon su ma suna ƙera irinsu.

Yadda yake aiki

A samfuran lantarki, akwai ƙananan na'urorin jin motsi guda biyu: ɗaya tana auna karkacewa sama da ƙasa, ɗaya kuma hagu da dama. Suna aika bayani ga 'yar kwamfutar da ke ciki, ita kuma ta umurci injin da ke motsa wani ɓangaren gilashi ya karkata hanyar haske zuwa kishiyar inda hannu ya karkata. Ana maimaita wannan gyara sau da yawa a kowace daƙiƙa, har ido ya ga kamar hoton ya tsaya.

Hanyoyin gyaran sun bambanta. A wasu samfuran Canon, faranti biyu ne na gilashi da ruwa na musamman a tsakaninsu, suna sauya kusurwa gwargwadon motsi. A wasu kuma gilashi ɗaya ne ake turawa gefe. Samfuran Fujifilm suna rataye firizim ɗin ne a kan wani mariƙi mai lilo, abin da ke ba su damar gyara motsi mai yawa irin na kwalekwale ko mota.

Ma'anar lambobi

Lambar farko ita ce ninkin girma, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Idan aka raba ta biyu da ta farko, za a sami faɗin hasken da ke isa ido. Madubi 10x30 yana ba da milimita 3, 10x20 yana ba da 2, shi kuwa 7x50 yana ba da kusan 7. Da rana ƙwayar ido tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, don haka ƙaramin madubi ya wadatar. Da almuru kuwa takan buɗe har zuwa 7 ga matashi, sai hoton ƙaramin madubi ya yi duhu. Wannan shi ne abin da aka sadaukar don a sami sauƙin nauyi.

Duban jinjirin wata

A arewacin Najeriya, duban jinjirin wata na cikin lokutan da jama'a suka fi zuba ido ga sama. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar III, shi ne ke sanar da tsayuwar watan Ramadan da na Shawwal. Akan buƙaci wanda ya ga wata ya sanar da dagaci ko hakimi mafi kusa. Daga garuruwa irin su Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, labarin kan bi ta masarautar Katsina kafin ya isa Sakkwato a tantance shi.

Jinjirin daren farko siriri ne ƙwarai, yana fitowa ƙasa-ƙasa a yamma cikin sauran hasken rana, kuma sau da yawa yakan faɗi kafin awa ɗaya ta cika. Idan hoto yana rawa, wannan siririn zare yakan ɓace wa ido, ko a ɗauki gefen gajimare a matsayin wata. Madubi mai daidaita hoto yana rage irin wannan kuskure. Sai dai yana da iyaka: masanin taurari ɗan Faransa André Danjon ya nuna cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ido ba ya ganin jinjirin. Haka nan madubin ba ya ratsa hazon hunturu ko gajimaren damina.

Ba a soma dubawa sai rana ta gama faɗuwa. Kallon rana ta cikin madubin hangen nesa, ko da na ɗan lokaci ne, yana iya ƙone bayan ido ya jawo makanta ta dindindin.

Nakasu da kulawa

Ya fi madubi na yau da kullum tsada da nauyi, kuma gyaransa sai ƙwararru. Idan batir ya ƙare yana ci gaba da aiki, amma ba tare da daidaitawa ba. Yawancin ƙananan samfura ba a rufe su ruf don hana ruwa shiga ba. A wuraren da ke da ƙura, akan fara hure gilashin kafin a goge shi da tattausan ƙyalle, domin ƙwayar yashi tana karce shi. Akan kuma cire batir idan za a daɗe ba a yi amfani da madubin ba.