Manomi, ka san dinya tun daga nesa

Ƴan'uwa manoma, musamman masu shinkafa a bakin kogin Kwara daga Tillaberi har Gaya, da masu fadama kusa da tabkin Madarunfa ko na Tabalak: tsuntsun da ba ka sani ba, ba ka iya tsaron gona daga ɓarnarsa. Yau ga bayanin dinya.

Kamanninta. Duk cikin agwagin daji na Afirka babu mai girmanta. Namiji yakan kai kilo 6, macen ba ta kai shi ba. Bayanta da wuyanta baƙi ne, mai walƙiyar tsanwa in rana ta haska shi. Cikinta fari ne. Baki da fatar fuska ja ne, ƙafafu dogaye masu ja-ja. Babban namiji yana da ƙullutu a goshi. A gwiwar kowane fiffike akwai tsini kamar ƙaya, da shi take faɗa. In ka tarar da mai rauni, kada ka bar yaro ya kama ta.

Tashinta. Tana tashi da nauyi, wuya miƙe, tana kaɗa fiffike sannu sannu. Buɗin fiffikenta ya kai metir 1 da rabi zuwa 2, kuma za ka hangi fari a gabansa. Garke yakan jeru a layi. Takan sauka bisa itace ma.

Kukanta. Duk girman nan, muryarta ƙarama ce. Namiji ne ke ɗan fito siriri in an firgita shi ko zai tashi. Macen kusan shiru take. In ka ji fito mai kaifi sau uku a jere, garke na wucewa da dare, wannan kirinjijiya ce, ƙaramar agwagwa mai farar fuska.

Amfanin sanin. Da rana dinya na hutawa a ruwa. Da magariba, da dare, da kuma asuba take shiga gona ta ci shinkafa ko gyaɗa, ta tattake saura. Wanda ya yi tsaro da rana kaɗai ya yi aikin banza. Ku raba tsaro tsakaninku, ku buga gwangwani, ku riƙa sauya ma mutum-mutumi wuri.

Kada ka sa guba: ruwan nan dabbobinka ma shi suke sha. Dokar farauta ta 1998 kuma ta ce sai da takardar izini. In ɓarna ta yi yawa, ka sanar da ma'aikatan gandun daji.

Allah ya ba mu albarkar noma.