Ko littafin koyon ɗaukar hoto na biyan kuɗinsa?

Matashin Karakkai a ƙaramar hukumar Bungudu, mai son cin abinci da hoton biki da na fasfo, kan rasa zaɓi: ya sayi littafi ne, ko ya zuba kuɗin a data?

Ya danganta da littafin. Wanda ke bayanin maɓallan wata kyamara guda kan tsufa da zarar an fito da sabon samfuri. Mai koyar da haske kuwa ba ya tsufa, domin tun kafin Steven Sasson na kamfanin Kodak ya ƙera kyamarar dijital a 1975, abubuwa uku ne ke tafiyar da hoto: faɗin ƙofar haske, tsawon lokacin da take buɗe, da ƙarfin karɓar hasken.

Wanda ya laƙanci wannan ne zai gane dalilin da fuskar ango mai farar babbar riga ke fitowa da duhu da rana tsaka. Farin ne ya ruɗi kyamarar, ta rage haske.

YouTube na koyar da hakan kyauta, amma sai in akwai sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara har tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Littafi kuwa, ko a jikinsa.

Cikas ɗinsa shi ne akasari da Turanci yake, kuma daga waje ake shigo da shi, ga darajar naira ta faɗi tun 2023. Guda ɗaya, ko na hannu ne, ya isa, muddin za a haɗa da 'yan watanni a gaban mai shagon hoto a Gusau.