Daren 31 ga Disamba da Ma'anar Dogara ga Allah

A daren 31 ga Disamba, majami'u a Jos, Kaduna da Yola kan cika da Kiristoci masu addu'a har agogo ya buga sha biyu. Al'adar tana da dogon tarihi. Mai wa'azi John Wesley ya fara sujadar sabunta alkawari a Landan a 1755, daga baya mabiyansa suka mayar da ita farkon shekara. Abin da mai bi ke yi a cikinta shi ne miƙa kansa ga Allah, ko shekarar ta zo da daɗi ko da wuya. A ganina wannan ne dogaro na gaskiya, kuma ya sha bamban da wa'azin da ke yi wa kowa alkawarin mota da gida kafin wata Disambar ta zagayo, alkawarin da kan bar talaka da karyayyar zuciya.

Wani zai ce miƙa kai irin wannan lalaci yake haifarwa. Tarihi bai goyi bayansa ba. A daren 31 ga Disamba 1862, baƙaƙen fatar Amurka sun taru a majami'u suna jiran sanarwar 'yanta bayi ta Shugaba Lincoln ta fara aiki washegari. Bayan addu'ar, baƙaƙen fata kimanin 180,000 suka shiga rundunar sojan gwamnati, kuma ba a haramta bauta a faɗin ƙasar ba sai Disamba 1865. Wasiƙar Yaƙubu ma a Littafi Mai Tsarki, a sura ta 4, ba ta hana ɗan kasuwa tsara tafiyarsa da cinikinsa ba. Abin da ta tsawata masa a kai shi ne taƙamar cewa gobe a hannunsa take.